Rabin Ƙwayoyina da Na Riƙa Aika wa Usaina

Alhamdu lillahi, Allah ya bar mani 'yar'uwata. A bakin gadonta na asibiti na ɗauki alkawari cewa in ta tashi, zan tona wa kaina asiri, in faɗi wautar da na tafka, ko wata ta ji ta kiyaye. To ta tashi, saura ni. Wanda zai zage ni bayan ya karanta ya zaga, na riga shi, na zagi kaina ya fi a ƙirga.

Sunana Hassana, amma Malama ake ce mani, don na shekara talatin da 'yan kai ina koyarwa a firamare, mafi yawa a Safana, kafin in yi ritaya mu koma Katsina ni da maigidana. Ni da Usaina tagwaye ne. A wani ƙauye bayan Wagini aka haife mu, cikin ƙasar Batsari, kuma kamar da muke yi har tsoro take ba mutane. Baba kansa ba ya rabe mu sai ya dubi hannu, don Inna ta ɗaura wa Usaina jan zare a wuyan hannu tun muna cikin tsumma. Ƙa'idar tagwaye kuwa a wurinmu sananniya ce: ba a ba ɗaya a hana ɗaya. In ƙosai ne, biyu. In atamfa ce, turmi ɗaya a raba. Ko duka na ja wa kaina, sai an ɗan taɓa Usaina don kada a ce an nuna bambanci. Cewa ake in ka ɓata wa tagwaye rai sai su turo maka kunama. Ni dai ban taɓa tura wa kowa ba, ko da yake na san waɗanda suka cancanta.

Sau ɗaya tak aka karya mana wannan ƙa'ida. Mai unguwa ya zo ya ce hukuma na son yaro ɗaya daga kowane gida a kai makarantar boko. Baba ya dube mu, ya ga Usaina ta iya surfe ta iya raino, ni kuwa ba abin da na iya sai surutu da tsokana, ya ce a ɗauki mai bakin. Inna ta yi kuka sai ka ce yanka ni za a yi. Usaina ma ta yi kuka, wai don tausayina.

Daga ranar hanyarmu ta rabu. Ni na sami kujera da albashi, daga baya fansho da katin inshorar lafiya. Ita ta auri Malam Sule, manomi, mutumin kirki, ta haifi tara, shida ke raye. Sana'arta ƙuli-ƙuli. Tun asuba tana bakin wuta, in damina ta faɗi tana gona, ruwan sha ma sai ta yi tafiya ta ɗebo. Ba ta taɓa cewa an cuce ta ba. Ni ma, wallahi, ban taɓa zama na yi wannan tunanin ba sai bara.

Innarmu ba ta kai sittin ba ta rasu. A bakin murhu ta faɗi, bakinta ya karkace, kwana uku ta cika. Aka ce iska ce ta buge ta. Lokacin ina malama da takardata, amma na yarda kamar kowa.

Shekara uku da suka wuce na je asibiti neman gilashin karatu. Kafin a ga likita dole a ɗaura maka abin awon jini a dantse, ko ciwon yatsa ya kawo ka. Nas ta auna, ta sake aunawa, ta ce in zauna in huta, ta kuma aunawa. Hawan jini. Ba na jin komai a jikina. Aka rubuta mani ƙwayoyi, aka ce kullum, har abada, duk wata in zo in karɓa. Da katina nake karɓa, abin da nake biya bai kai kuɗin cefanen yini ba. Ɗana ya sayo mani na'urar awo ta gida, mai batir.

Da na je gida yawon salla, na tarar da Usaina ta ɗaure kai da ɗankwali tamau tana tuya.

Na ce, "Usai, lafiya kika ɗaure kai haka kamar mai shirin dambe?"

Ta ce, "Ƙeyar nan ce, Hassana. Sai ta riƙa sara awa ana faskare. Wani bi har jiri nike gani. Na sha na mai tallan magani, in ya lafa ya dawo."

Na ce, "Ai ciwona ne! Hawan jini ne. Cikinmu ɗaya, jininmu ɗaya, me zai hana?"

Na buɗe jaka na zazzage ƙwayoyina a kan faifai, na raba su biyu daidai wa daida, kamar yadda Inna ke raba mana gyaɗa. Usaina ta karɓa ta ƙulle a bakin zane. Ba ta yi godiya ba, ni ma ban jira godiya ba, tunda ba kyauta na yi mata ba, rabonta na ba ta.

Haka muka ɗore fiye da shekara biyu. Duk wata in na karɓo, sai in raba, in zuba nata a gwangwanin man shafawa in ba Gambo. Gambo ƙanenmu ne mai bi mana, magidanci, yana fataucin wake tsakanin Batsari da Katsina. Ranar kasuwa ya miƙa wa Malam Sule, ko ya shiga da kansa. Ni kuma sai in riƙa shan nawa yau in tsallake gobe don su kai ni ƙarshen wata.

Za a ce me ya sa ban kai ta asibiti ba. Na yi maganar sau biyu. Na farko ta ce a bari kaka ta yi. Da kaka ta yi ta ce a bari a gama bikin ɗiyarta. Ga kuɗin mota, ga hanyar da ba a shiga sai da addu'a, ga katin da sunana kaɗai ke kai. Amma gaskiyar ita ce ban matsa ba, don ina jin daɗin abin da nake yi. Ina ganin kaina 'yar'uwa ta gari. Da likitana ya ga jinina ya ƙi sauka, ya tambaye ni ko ina sha kullum, na dube shi ido cikin ido na ce, "Kullum, likita." Ya ƙara mani wata ƙwaya, na yi murna, na ce rabon Usaina ya ƙaru. Na'urar awon nan kuwa tana kwance cikin durowa. Na je ƙauye sau nawa, na kai turare, na kai sabulu, na kai takalma, bai taɓa zuwa mani a rai in jefa ta cikin jaka ba. Wannan ne abin da har yanzu ban yafe wa kaina ba.

Daminar bara hanya ta lalace. Mutanen daji suka matsa wa yankin, daga wajen Ruma har bayan Wagini, Gambo ya yi kusan wata biyu bai shiga ba. Gwangwani biyu suka taru a hannunsa. Da aka fara roron wake abin ya ɗan lafa, ya ce mani mako mai zuwa zai kai.

Ranar Talata da hantsi Usaina na matsar mai, ta sa hannu cikin tunkuza tana murzawa, sai hannun hagu ya saki. Ta yunƙura za ta tashi ta zube. Matan gida suka taru, suka ga baki ya karkace, magana ba ta fita. Gwaggo Abu, ƙanwar babanmu, ta dube ta sau ɗaya ta ce abin da ya sami uwarta ne, iska ce, a kawo garwashi. Aka yi hayaƙi, aka yi tofi, aka ɗura mata rubutu tana ƙwarewa. Washegari aka kira wanzami ya kafa mata ƙaho a ƙeya, wai a zuƙe mataccen jini. Malam Sule ya so a fita da ita tun ranar, amma wake na gona, aljihu ba ko sisi, ya ce a jira ranar kasuwa ya kai buhu ɗaya. Ba na ganin laifinsa yanzu. A lokacin kam na gani, kuma na faɗa masa.

Sai ranar Laraba da la'asar labari ya iso ni, don a garin sai an hau dutse ake samun sabis. Malam Sule ne ya kira ni.

"Malama, 'yar'uwarki ce ba lahiya. Tun jiya ba ta magana."

"Tun jiya? Tun jiya, Malam Sule, sai yanzu? Wake kake jira? Ni na mutu ne da ba za a kira ni ba? Ko akuyarka ce ta kwanta ai da ka nemo mai dubawa!"

Ya ce, "Ki yi haƙuri." Daga baya na ba shi haƙuri a kan maganar akuya. Ya ce ya yafe.

Ba a bin hanyar da yamma, dole aka jira gari ya waye. Gambo ya shiga da ɗan acaɓa. Suka ɗora ta a tsakiya, suka ɗaure ta da zane a jikin mai tuƙi, Gambo ya tallafe ta ta baya, ƙafarta ta hagu na reto har sai da suka ɗaure ta ita ma. Ni kuma na ɗauki shatar mota na jira su a Batsari. Muka fara shiga wani ƙaramin asibiti. Ma'aikacin ya auna ta, ya dubi na'urar, ya dube ni, ya ce, "Hajiya, nan ba wurinta ba ne. Ku wuce Katsina yanzu, kada ku tsaya ko shan ruwa." Allah ya saka wa bawan Allahn nan, bai ɓata mana lokaci ba, bai karɓi komai ba.

A cikin mota, kanta na bisa cinyata, na ƙulla wata dabara. Na ce in mun isa zan miƙa katina in ce ita ce Hassana. Muna yara mun sha yin haka, ta je aike a madadina, in karɓi goron salla sau biyu a madadinta. Wa zai gane? Na san ba daidai ba ne, amma na ce in ta warke na tuba.

Muka isa, aka ɗora ta a kan gadon turawa. Na riga na sa hannu a jaka na kama katin. Wata nas, yarinya fara mai ɗan tabo a haɓa, ta ɗauki biro ta ce, "Sannu Malama. Mamarki ce? Shekarunta kamar nawa?"

Na juya na dubi Usaina, irin kallon da ban yi mata ba cikin shekara talatin. Kumatu sun zurma. Haƙoran gefe sun zube. Gashin da ya leƙo ta ƙarƙashin ɗankwali fari fat. Tafin hannunta duk tabon ƙunar mai, dugaduganta sun tsattsage. Na dubi hoton da ke kan katina, mace mai ƙiba da gilashi. Na mayar da shi jaka.

Na ce, "Rana ɗaya aka haife mu. Ni na ma riga ta fitowa."

Yarinyar ta sunkuyar da kai ta ce, "Yi haƙuri, Mama." Ba ta yi laifin komai ba, abin da ta gani ta faɗa.

Likitan da ya duba ta dattijo ne mai ƙarancin magana. Ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, hawan jini ya kawo ta. Ya tambaya ko tana shan wani magani. Nan fa na fito da gwangwanin da Gambo bai samu kaiwa ba, har da ɗan alfaharina, na ce ga shi, shekara biyu ina ba ta.

Ya juya ƙwayoyin a tafin hannu ya ce, "Wa ya rubuta mata?"

Na ce ai nawa ne, muna rabawa, mu tagwaye ne.

Ya cire gilashi ya ce, "Wa ya auna ta?"

Na rasa bakin magana, ni da aka kai boko saboda baki.

Ya ce hawan jini ba ya jiran ciwon kai, wanda ya sha yau ya bari gobe yana nan cikin haɗari, kuma abin da ya dace da jikina ba lalle ya dace da nata ba. Ya ce kwana biyun da aka yi a gida sun ci mata abin da ba zai dawo duka ba. Sai ya ce in miƙo hannu. Ya ɗaura mani abin awo nan take, ya duba, ya girgiza kai. "Malama, gado biyu kike so mu ba ku?" Tun daga ranar ban sake tsallake ƙwaya ko ɗaya ba. Kalmar nan tasa kuwa, wa ya auna ta, ta bi ni har cikin salla.

Makon farko ya tafi a layi. Layin yankar kati, layin biya, layin gwajin jini, layin karɓar sakamako. Aka ce a yi hoton kai, kuɗinsa ya fi buhun wake. A tagar magani na fara sanin farashin ƙwayoyin da na fi shekara biyu ina haɗiya, don wannan karon ba kati, na ji adadin na ce a sake faɗi. Gwaji ya nuna ƙodarta ma ta fara taɓuwa. Ta hanci ake ba ta kunu da roba. Duk bayan awa biyu sai na juya ta kada bayanta ya yi gyambo. Ni ke yi mata wanka, ni ke kwashe komai. Wata nas mai jiki ta koya mani yadda ake ɗaga mutum ba tare da ka karya ƙugunka ba, Allah ya yi mata albarka. Wata kuma in ka kira ta sai ta dube ka kamar ka roƙe ta gado, ita ma Allah ya shirye ta.

Mako na biyu 'yan dubiya suka buɗe wuta. Wannan ya kawo man shafawa daga wani mai magani, waccan ta ce a jiƙa tafarnuwa da kanwa, wani ya ce asibiti ba ya maganin irin wannan, a mayar da ita gida tun kuɗi bai ƙare ba. Gwaggo Abu ta aiko da ƙullin turare da saƙon cewa boko ya lalata ni. Addu'a na karɓa hannu biyu, ni ma ina yi, ina tofa mata safe da yamma. Amma duk abin da za a zuba mata a baki na ce sai ya bi ta kaina, kuma ba ya wucewa. Har farfesun da aka cika wa gishiri na mayar. An ce na cika zafi. Oho.

A gadon da ke kusa da mu akwai wata mata daga wajen Ruma, ciwonsu ɗaya da Usaina, kuma ba ta kai mu shekaru ba. Kwana shida suka yi, mijinta ya ce za su je gida su ci gaba da na gargajiya. Kowa a ɗakin ya san abin da hakan ke nufi, guzuri ne ya ƙare. Muka haɗa abin da ya samu muka ba su na mota. Ban sake jin labarinta ba, kuma ina tsoron tambaya. A makon nan kuma na ci karo da tsohon hedimastana a layin magani, ya haura tamanin, yana tafe da ƙafarsa yana mitar an hana shi sukari a shayi. Shi ma ya taɓa faɗuwa, amma cikin awa ɗaya 'ya'yansa suka kawo shi. Na gaishe shi, na yi masa fatan alheri, na koma bayan ɗaki na yi kuka mai isata.

Ba na jayayya da ƙaddara. Kwana na Allah ne, wanda ya cika ya cika. Amma ba Allah ya hana a kai titi Wagini ba, ba Shi ya ce abin awo ya tsaya a birni ba. In na je taron 'yan fansho, sa'o'ina na nan reras, ana ta gardamar kuɗin ariya da muke bin gwamnati. In na je ƙauye na tambayi waɗanda muka yi gaɗa tare, sai a riƙa ce mani Allah ya ji ƙanta. Kowacce an ce iska ce, ko ciwon kai ne na kwana biyu. Iskar nan dai ta san gidan da take shiga.

Ran kwana na goma sha shida ina goge mata baki ta kama hannuna da na dama, ta yi ta kokawa da harshe, can ta ce, "Awaki." Na ce me? Ta ce, "Awakina." Ikon Allah! Mace ta dawo daga bakin kabari, ba ta tambayi miji ba, ba ta tambaye ni ba, sai awaki. Na yi dariya har nas ta leƙo. Ban faɗa mata ba cewa biyu daga ciki Gambo ya riga ya kai kasuwa. Malam Sule ma ya sayar da wakensa tun a kaka, lokacin da ba shi da daraja, wanda da ya ajiye zuwa bazara da ya ci ribarsa. Ya kawo kuɗin a leda ya ajiye gabana. Na ce ya riƙe na abinci, ya ce, "Malama, matata ce." Na karɓa.

Bayan mako uku da 'yan kwanaki aka sallame mu, na wuce da ita gidana. Sau biyu a mako muna zuwa gashin ƙashi a asibiti, ana miƙar da hannu da ƙafa tana zagina da rabin baki. A gida na ɗaura igiya daga ƙofar ɗaki zuwa bakin famfo, ta riƙa bi tana jan ƙafa. Wata na biyu ta saki igiya ta kama sanda. Maigidana ya bar mana ɗakinsa ya koma na baƙi, bai taɓa ko tsaki ba.

Wata rana da hantsi muna zaune ina tsefe mata kai, na ce yau zan faɗi abin da ke cina.

"Usai, ni na ja maki wannan. Na ba ki rabin magani ba awo, na sa kika saki jiki. Ki yafe mani."

Ta ce, "Rabi? Wane rabi? Ai ni ma rabawa nike da Lantana."

Lantana maƙwabciyarta ce, tare suke tuya.

Na ce, "Kina me?"

"Ita ma ƙeyar na damunta. In zauna in sha ni kaɗai tana kallo? In Gambo ya kawo sai in ba ta nata. Ran da kai ya sara mu sha."

Na saki tsinken tsifa na riƙe baki. Ashe kwata take samu, shi ma sai ran da kai ya sara. Na rasa dariya zan yi ko ihu, na yi duka biyun. Ta ce, "To mi ne na kuka? Ke kika koya mani."

Makon nan na sa Gambo ya fito da Lantana Batsari aka auna ta. Nata ma ya hau sosai. Yanzu tana da nata maganin, da sunanta.

Wata huɗu Usaina ta yi a wurina ta kafe sai gida. Na yi faɗa, na yi lallashi, na ce hanya, na ce nisa. Ta ce ita ba za ta mutu a gidan suruki tana kallon talabijin ba. Na ga ba zan iya da ita ba, sai na kafa sharuɗɗa. Na'urar awon nan ta fita daga durowa ta bi ta. Na zaunar da Malam Sule kwana biyu kamar ɗan aji ɗaya, na koya masa ɗaurawa da karanta lamba, na rubuta masa lambar da in ya gani zai hau dutse ya kira ni ko ana ruwan ƙanƙara. Ya iya tsaf. Yanzu har matan unguwa ke zuwa ya auna su, ya zama likitan dole. Maganinta cikakke nake saya daga fanshona duk wata, nata daban nawa daban. Duk wata biyu kuma Gambo ya fito da ita, mu je asibiti tare rana ɗaya. Ƙa'idar Inna ba ta tashi ba, ba a ba ɗaya a hana ɗaya. Ni ce na yi mata gurguwar fahimta.

Hannun hagun bai dawo ba. Yatsun ba sa rufuwa, ta bar ƙuli-ƙuli har abada, kuma na san yana cinta ko ba ta faɗa ba. Amma tana tafiya, tana salla a tsaye, tana faɗa da awaki.

Don haka ke mai karatu, in kina birni kina da 'yar'uwa a ƙauye, kada ki aika mata ragowar maganinki ki ce kin yi zumunci. Ki je ki ɗauko ta a auna ta, ko tana ihu. In ta ce a bari kaka ta yi, ki ce a'a. In kuma mutum ya faɗi baki ya karkace, a yi addu'ar a kan hanya.

Zuwanmu asibiti na watan jiya mun sa hijabi iri ɗaya, yadi ɗaya na yanka mana. Ita ta yi kumari, kumatu sun ciko, hutu da abinci sun yi aikinsu. Ni kuwa jinya ta zabge ni, na daina shafa baƙi a gashi, gilashin ma na manta shi a gida. Ita ta ɗan hauro, ni na ɗan gangaro. Muka miƙa katunanmu muka zauna a benci. Usaina ba ta karatu, don haka ta huda gefen nata ta ɗaura masa jan zare.

Wadda ta fito da katunan bayan an auna mu ita ce yarinyar nan mai tabo a haɓa. Ni na gane ta, ita ba ta gane mu ba. Ta dube ni, ta dubi Usaina, ta sake dubana, ta ce, "Lah, tagwaye ne? Masha Allah!" Sai ta miƙa wa Usaina katina, ta miƙo mani nata.

Usaina ta juya shi a hannunta na dama, ta ga ba zare. Ta mayar mata.

"Ɗiyata, wannan na Malama ne. Ba ni nawa."